Tarmosta ba shi da laifi: raddi kan zafin cikin tsohuwar mota a Yamai

Akwai wata magana da ta zauna daram a garejojin Yamai, har ta kai ba a ƙara tambayar dalilinta. Duk wanda ya kai tsohuwar mota ya ce cikinta na gasa shi, abin da zai fara ji shi ne: "Alhaji, a cire tarmosta. Wannan abin Turawa suka yi wa kansu saboda sanyin ƙasarsu, a Nijar zafi kawai yake ƙara wa mota." Nan take yaron gareji zai kwance kusoshi biyu ko uku, ya zaro ɗan ƙarfen daga bakin bututun ruwan inji, ya wurga shi cikin gwangwanin tarkace. Wani lokaci ma a haɗa wayar fanka kai tsaye, ta riƙa juyawa daga tayar da mota har kashe ta. Mai mota ya biya, ya yi godiya, ya tafi yana ganin ya rabu da zafi. In an kwana biyu ya ji tafin ƙafarsa na nan yana ƙuna a kan totur, sai ya ce ai bazarar bana ce ta yi tsanani.

Ban yarda da wannan magana ba, kuma zan faɗi dalilina da ladabi, domin masu faɗinta ba ƙananan mutane ba ne a sana'arsu. Su ne suka riƙe Peugeot 404 da 504 da tsofaffin Mercedes da Land Rover a kan hanya shekaru da yawa bayan masu ƙera su sun juya musu baya. Ita 504 ta fito ne a Faransa a 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma aiki a 1975, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000. Wasu motocin kuma samarin Turai ne suka riƙa keto Sahara da su ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a nan su hau jirgi su koma gida. Daga baya tashar ruwa ta Kwatano ta karɓi ragamar. Toyota ta daina ƙera tsohuwar Starlet tun 1999, amma ga ta nan a matsayin taksi mai jan kai tana jigilar mutane tsakanin unguwannin Wadata da Harobanda. Duk wannan aikin hannun makanikanmu ne, kuma wanda ya yi irin wannan aiki ya cancanci a saurare shi kafin a musa masa.

Ruwa ba ya tsami banza. Tarmosta yana lalacewa, kuma in ya lalace a rufe, ruwan inji ba ya samun hanyar zuwa lagireto. Cikin ƴan mintuna mota ta tafasa, in direba bai lura ba gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Wanda hakan ta same shi tsakanin Doso da Dogon Dutsi, babu shagon kayan gyara, babu sabon tarmosta, ba shi da abin da ya fi ya cire tsohon ya ƙarasa gida. Ni ma abin da zan yi ke nan. Ga kuma ruwan da muke ɗura wa lagireto, na rijiya ko na famfo tsurarsa, wanda ke tara tsatsa da farin gishiri har ƙarfen ya maƙale, ga jabun kaya da suka cika kasuwa. Makanikin da ya ga injuna goma sun ƙone ta wannan hanya ba za a ga laifinsa ba in ya tsani abin. Inda aka kauce hanya shi ne da aka mai da dabarar fita kunya a daji ta zama dokar kullum, sannan aka ƙara mata wani aikin da ba nata ba, wai ita ce maganin zafin da ke damun direba da fasinja. Zafin inji daban, zafin cikin mota daban.

Duk mai shakka ya yi wannan gwaji, ba ya cin ko dala. A samo tarmosta mai lafiya, a ɗaura masa zare, a zura shi cikin tukunyar ruwa a kan gawayin mai shayin bakin gareji. Da farko zai zauna a rufe ruf. Ruwa na soma ƴan ƙananan kumfa a gindin tukunya, tun bai kai ga tafasa ba, za a ga faifan tsakiyarsa ya motsa, ya ja baya a hankali, wata ƴar ƙofa ta buɗe har ɗan yatsa ya kusa shiga. A tsamo shi a ajiye a iska, ya koma ya rufe. Wani irin kaki ne a cikinsa, yana kumbura in ya ji zafi, ya tura sandar da ke buɗe ƙofar. A jikinsa akwai lamba da aka buga, galibi tsakanin 75 da 90 gwargwadon irin motar, ita ce digirin da yake fara buɗewa. Babban aikinsa ke nan: ya tsare ruwa a cikin inji har inji ya ɗumama, daga nan ya sake shi.

To, a watan Afrilu, lokacin da zafin rana a Yamai ke kai wa digiri 41 ko fiye, mota na tsaye cikin cunkoson Gadar Kennedy da ƙarfe biyu na rana, a wane hali tarmosta yake? A buɗe yake wangam, tun tuni. Ba ya tsare komai. Abin da ke yanke hukunci a wannan sa'a shi ne lagireto, da fanka, da famfon ruwa, da murfin lagireto. In an cire tarmosta, motar da ke tafasa a cunkoso za ta ci gaba da tafasa, domin ƙofar da aka ɓalle dama a buɗe take. Inda cirewar ke yin tasiri shi ne da asubar hunturu, a Disamba da Janairu, sa'ad da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 20, ko a doguwar tafiyar dare a kan kwalta. Wato an sayo sanyi a lokacin da ba a bukatarsa, a lokacin da ake bukatarsa kuwa ba a samu komai ba.

Kuma sanyin nan ba kyauta ba ne. Injin da bai kai zafin aikinsa ba ba ya ƙona mai sosai. Ɗanyen fetur na gangarawa jikin silinda yana wanke baƙin man da ke kare ƙarfe daga ƙarfe, tururi na taruwa a cikin baƙin mai ya mai da shi caɓi, zobban fistin na cinyewa da wuri. A motocin da ke da kwamfuta, irin Corolla da Starlet na shekarun 1990, na'urar na ganin inji da sanyi sai ta yi ta ƙara masa fetur, ɗan taksi kuma ya yi ta mamakin yadda kuɗin mai ke cinye masa ciniki. A Mercedes W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, abin ya fi haka muni. Tarmostanta aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. In babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar bai leƙa lagireto ba, motar ta ƙara zafi a kan na da. Batun cewa kayan ƙasar sanyi ne kuwa, a duba sababbin Land Cruiser da Hilux da ake sayarwa a Saudiyya da Kuwaiti, inda zafin bazara ya fi namu. Da tarmostansu suke fitowa daga masana'anta.

To ta ina zafin ke shigowa? A nan ne nake ganin an bar jaki ana dukan taiki.

Tsakanin inji da ƙafafun direba akwai bangon ƙarfe. Bangon nan cike yake da huji: na sandar sitiyari, na wayar totur, na kuloci, na wayar ma'aunin gudu, na damin wayoyin lantarki. Ranar da motar ta fito daga masana'anta kowane huji da robarsa, bangon kuma da bargonsa. Bayan shekara 30 ko 40 a ranar Sahel, robobin sun bushe sun zube, masu gyaran waya sun ƙara nasu hujin don rediyo da ƙaho, bargon kuma an yage shi ranar da aka yi walda ba a mayar ba. Na taɓa tsayawa a wani gareji kusa da kasuwar Katako bayan magariba, wani dattijon makaniki yana duba wata 504 doguwa. Ya sa yaronsa ya riƙe tocila a cikin ɗakin inji, ya rufo murfin a kansa kaɗan, shi kuma ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari. Ya kira mai motar: "Malam, sunkuyo ka gani." Haske na tsiyayowa ta ko'ina, ta gefen birki, ta bayan akwatin fis, ta wata tsaga da tsatsa ta ci a kusurwa. Dattijon ya ce, "Duk inda haske ya bi, wuta ma nan take bi." Ya aiki yaron ya yanko tsohon tiyub, suka kwana biyu suna toshiya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne buɗe tagogi na ƙara jawo wannan iska. Mota na gudu, iskar da ke wucewa ta gefen taga tana zuƙe ta ciki, a ɗakin inji kuwa fanka da gudun mota na cusa iska. Sai iskar da ta ratsa lagireto ta shafi bututun hayaƙi ta nemi mafita, ta same ta ta hujin da ke saitin ƙafar direba. Shi ya sa za ka ga mutum fuskarsa na shan iska, ƙafarsa na dahuwa. Haka robar da ke gindin sandar giya: in ta yage, sa hannu kawai a kanta mota na tafiya, za ka ji hucin na busowa. Haka doguwar robar da ke bayan murfin inji, gab da gilashin gaba. A nan ne ramin da mota ke shaƙar iskar waje yake, kuma in robar ta ɓace, hucin inji ne ke faɗawa ramin ya fito ta tagogin iska na gaban direba. Ramin kansa sau da yawa a cike yake da busasshen ganyen bedi da ƙurar hunturu ta shekaru.

Wannan ba maganar jin daɗi kaɗai ba ce. Hanyar da zafi ke bi, ita hayaƙi ke bi. A cikin hayaƙin mota akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kawo ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, in ta yi yawa ta kashe. Dogayen motoci masu ƙofar baya sun fi shiga wannan haɗari, domin in robar ƙofar ta mutu hayaƙin salansa na komowa ciki ta baya. Direban da ke cewa hanyar Maraɗi na sa shi barci tun bai kai Birnin Ƙonni ba, ya sa a duba masa salansa da robobi kafin ya ƙara yawan shayi.

Akwai wuri ɗaya da zan ba makanikanmu gaskiya, cewa ruwan inji na kawo zafi cikin mota. Motocin da aka ƙera don Turai suna da wani ɗan ƙaramin lagireto a ɓoye ƙarƙashin allon gaban direba, na ɗumama ciki lokacin sanyi. Bututu biyu ne ke ratsa bangon ƙarfe su kai masa ruwan inji. A tsofaffin motoci akwai famfo mai tsayar da ruwan, ko wani marfi mai soso da ke tare iskar. Famfon kan maƙale a buɗe, soson kan ruɓe ya zube, sai ya zama ruwa mai digiri 80 na zagayawa dab da gwiwar mutum a tsakiyar watan Mayu, alhali maɓallin na nuna an kashe. Gane shi ba wuya: inji na da zafi, a taɓa bututun biyu da hattara. In duka biyun na ƙuna, ruwa na wucewa. To amma maganin shi ne a gyara famfon, ko a sa sabo, ko a zare bututun biyu a haɗa bakinsu da juna a ɗakin inji, ruwan ya yi kwana bai shiga ciki ba. Na fi son famfo, saboda da damina ana bukatar ɗumin don share hazon gilashi. Wanda ya cire tarmosta saboda wannan, kamar mai ɗakin da ke manne da madafa ne: zafi ya dame shi, sai ya janye itacen murhu tuwo ya ƙi dahuwa, tagar da ke tsakaninsu kuwa tana nan a buɗe.

Sai ƙarƙashin mota. Ruwan inji bai cika wuce digiri 100 ba, amma bututun hayaƙi a inda ya fito daga inji yana haura digiri 500 in mota na jan kaya, kuma babu ruwansa da ko akwai tarmosta ko babu. Bututun nan na bi ta ƙarƙashin ƙafafun mutane har baya. Masu ƙera mota sun sa faifan ƙarfe tsakaninsa da daɓen mota, da ɗan sarari a tsakani don iska ta wuce. Faifan nan shi ne farkon abin da ke tafiya: ya soma ƙara a hanyar da ba kwalta, a fizge shi a yar. Wani mai walda kuma in ya sake bututu sai ya matso da shi jikin daɓe don kada ya riƙa bugun ƙasa. Maƙeran Katako da ke narka alminiyam suna zuba tukwane ba za su gaza yanka faifan da zai maye gurbinsa ba, sharaɗin kawai a bar sarari kamar kaurin yatsa ta sama da ta ƙasa. Daga ciki kuma a shimfiɗa bargo mai kauri ƙarƙashin darduma. Kada a kusantar da soso ko roba ga bututun, gobara ce. In kuma an tarar da wani farin abu mai zare-zare a tsohon faifai, kada a goge shi ko a kakkaɓe, domin motocin wancan zamani an yi amfani da asbestos a jikinsu, ƙurarsa na lalata huhu. Wani abin da ke ƙara wa bututun wuta shi ne saitin tartsatsin fulogi in ya yi jinkiri: man na ƙarasa ƙonewa a hanyar fita, har ƙarfen ya yi ja da dare. Gyaran wannan saiti aikin minti kaɗan ne ga wanda ya iya.

Babban mai laifi kuwa yana sama, kuma ko inji a kashe yake yana aikinsa. Yamai na kan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka a ƙarshen Afrilu rana kan tsaya daidai tsakar ka, mutum ya nemi inuwarsa ya same ta ƙarƙashin takalminsa. A irin wannan sa'a kowane murabba'in mita na karɓar kusan wat 1000 na zafin rana, rufin mota kaɗai kuwa ya kusa murabba'in mita 2, ban da gilashin gaba da na baya. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Amurka, Pediatrics, a 2005 ya nuna cewa motar da aka ajiye a rana zafin cikinta na ƙaruwa da kusan digiri 22 cikin awa guda, mafi yawan ƙarin a rabin awar farko, kuma ɗan sassauta gilashi bai rage wani abin kirki ba. A ɗora wannan a kan 41 ɗinmu. Ina roƙon iyaye da Allah, kada a bar yaro a mota a bakin Babbar Kasuwa da sunan yanzu zan dawo.

Masu ƙera Land Rover sun gane wannan tun shekarun 1950. Sun yi wa motocin da ake kai wa ƙasashe masu zafi rufi biyu, na sama ya tare rana, iska na wucewa tsakaninsu, ga ƴan tagogin iska a rufin na ƙasa da wasu marafai biyu ƙarƙashin gilashin gaba. Ba su taɓa tarmosta ba. Direbobinmu na ƙauye da ke shimfiɗa tabarma a kan ƙarfen ɗora kaya na saman mota, dabarar ke nan suke yi ko ba su taɓa ganin littafin injiniya ba. Farin fenti a rufi na mayar da kaso mai yawa na hasken. Ƴan taksi ba su da wannan zaɓi tunda jan kai alamar sana'arsu ce, amma suna iya mayar da silin ɗin ciki da aka yage, a cusa bargo tsakaninsa da ƙarfe. Na sha shiga taksin da in ka ɗaga hannu ƙarfen rufin tsirara za ka taɓa, kuma mai ita ya riga ya biya an cire masa tarmosta. Kwali a gilashin gaba in an tsaya, farin ƙyalle a kan kujerun leda da sitiyari, da neman gindin bedi ko da za a ƙara ƴar tafiya a ƙasa, sun fi duk abin da za a kwance a inji. Baƙar ledar gilashi mai araha duhu take kawowa fiye da sanyi, tana rage gani da dare, kuma sai an san abin da hukuma ta yarda da shi kafin a manna.

Masu cewa a sa kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, a huta, ban ƙi tasu ba in da hali. Sai dai motar da hujinta ke buɗe, rufinta tsirara, kilim ɗin wahala kawai zai sha. Tsofaffin na'urori da gas ɗin R12 suke aiki, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yin sa, don haka sai an juya su zuwa R134a. Kuma na'urar na ƙara wa inji nauyi, tana zuba nata zafin a gaban lagireto. Wanda zai sa ta ya fara tabbatar da lagiretonsa a wanke yake ciki da waje, belin fanka a ɗaure, kwandon da ke kewaye da fanka na nan, murfin lagireto na riƙe matsi. Murfin nan da ake rainawa, mai lafiya yana ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120. Motoci da yawa da aka yanke wa tarmosta hukunci a kansu, murfi ne ya mutu, ko laka ta toshe rabin lagireto.

Iyayen gidanmu na gareji, ku kuka san waɗannan motoci fiye da kowa, kuma yaran da ke ƙarƙashinku abin da suka ga kuna yi shi za su yi shekara 30 nan gaba. Roƙona gare ku, in mai mota ya zo da kukan zafi, ku fara tambayarsa: allurar zafin inji ce ke hawa, ko jikinsa ne ke ƙuna? In allura ce, a duba lagireto da murfi da fanka, a jefa tarmosta a tukunya a gani, in ya mutu a sa wani mai lamba irin tasa. In jikinsa ne, a ɗauko tocila, a taɓa bututun nan biyu, a leƙa ƙarƙashin mota, a ɗaga kai a dubi rufi. Kai kuma mai mota, in larura ta sa an cire maka tarmosta a hanya, ka sa a mayar da sabo da zarar ka shigo Yamai.